Zirin Galifoli da hanyar alkamar da ta durƙusar da Atina

Duk wanda ya ji labarin yaƙin Atina da Sparta, wanda aka shafe shekara 27 ana gwabzawa daga 431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zai ɗauka a ƙofar ɗaya daga cikin waɗannan biranen Girka biyu aka yi ta ta ƙare. To ba haka aka yi ba. Babu sojan Sparta ko ɗaya da ya haura ganuwar Atina da ƙarfin tsiya. A wani bakin ruwa da ko gari babu a wajen, ɗaruruwan kilomita daga Atina, can aka karya su, kuma abin da ya biyo baya yunwa ce kawai ta ƙarasa shi. Wannan bakin ruwan yana jikin zirin ƙasar da Girkawa ke kira Kersonisos na Tirakiya, wanda yau yake cikin Turkiyya ana ce masa Galifoli. Shekarun da zan riƙa kawowa duk na kafin haihuwar Annabi Isa ne, shi ya sa za ku ga lissafin yana raguwa maimakon ƙaruwa.

Ku buɗe taswira ku duba wajen da kanku, don sai an gan shi ake gane maganar. Wani siririn ziri ne ya taso daga ɓangaren Turai ya miƙe kudu maso yamma kamar kilomita 80, ya kwanta daura da gaɓar Asiya, tsakaninsu sai wani matsattsen mashigin ruwa da mutanen da ke kira Helesfon, yanzu kuma Dardanel. A inda ya fi matsewa faɗinsa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, kana wannan gaɓa kana hango mutum a waccan. Duk jirgin da ya taso daga Bahar Aswad zai shiga tekun Girka dole ya bi ta nan, babu wata hanyar. Sannan ruwan ba tsayayye ba ne, gudu yake daga arewa zuwa kudu, iskar bazara ma daga arewa take busowa, don haka jirgin da zai haura sai ya laɓe a wata tasha yana jiran iska ta juya, wani lokaci kwana da kwanaki. Wanda ke riƙe da waɗannan tasoshin, musamman Sestos a jikin zirin da Abidos a tsallaken Asiya, shi ke cewa wane ya wuce wane ya tsaya. Can sama kuma inda zirin ya manne da babbar ƙasa, wuyansa bai wuce kilomita 7 ba, wato da katanga guda ɗaya ka rufe shi ruf.

To me ya kai Atina can? Ciki ne. Ƙasar Atika inda birnin yake duwatsu ne da tsandauri, zaitun da inabi suna yi sosai, sha'ir ma ba laifi, amma alkamar da za ta ciyar da babban birni babu ita. Da birnin ya cika ya batse sai ya koma sayen hatsi daga waje, daga Masar da Sisili da sauransu, amma mafi yawa daga arewacin Bahar Aswad, yankin Kirimiya da kudancin Yukren na yau. Wani fitaccen ɗan siyasarsu mai suna Dimostinis ya faɗa a gaban kotu wajajen 355 cewa hatsin da ke zuwa daga can ya kai na duk sauran wurare in an haɗa su, ya ce daga masarautar Bosforos da ke yankin Kirimiya kaɗai ana kawo awo kusan 400,000 a shekara, kowane awo kuwa ya haura lita 50. Har doka suka yi cewa duk mazaunin Atina da ya yi lodin hatsi ba shi da izinin sauke shi a wata tasha in ba Firayos ba, tashar jiragen birnin, kuma a babban zaman majalisarsu maganar hatsi tana cikin abubuwan da dole a tattauna tare da maganar tsaro. Wannan hanyar ruwan dai ita ce aka yi ta rigima a kanta a 2022 bayan haihuwar Annabi Isa lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya tsayar da jiragen alkama, har sai da aka zauna a Istanbul aka ƙulla yarjejeniya, kuma duk mai sayen burodi a Kano ko Yamai ya ji a aljihunsa.

Amma a gaskiya mutanen Atina na farko da suka je zirin ba hatsin Bahar Aswad ne ya kai su ba, gona da sarauta suka je nema. Hirodotus, marubucin tarihi Bagirke, ya kawo labarin yadda abin ya faro wajajen tsakiyar ƙarni na 6. Wata ƙabila da ke zaune a zirin mai suna Dolonki, maƙwabtansu Absinti sun hana su sakat da hare-hare, sai dattawansu suka tafi gidan tsafin Delfi neman mafita, aka ce musu in kun fita daga nan duk wanda ya fara yi muku tayin masauki ku tafi da shi ya zama jagoranku. Suka yi ta ratsa garuruwa ba wanda ya ce musu ku shigo ku sha ruwa, har suka iso Atina, wani attajiri mai suna Miltiyadis yana zaune a ƙofar gidansa ya hango baƙi da baƙuwar shiga riƙe da masu, ya kira su ya sauke su. Shi kuma dama zaman garin ya ishe shi saboda mulkin Fisistiratos, wanda ya ƙwace ragamar Atina, sai ya kwashi duk mai son bin sa suka tafi. Aikin farko da ya yi da isarsa shi ne gina katanga a wuyan zirin, daga Kardiya zuwa Faktiye.

Ɗan ɗan'uwansa, shi ma Miltiyadis sunansa, shi ne ya fi shahara. Da aka kashe yayansa, wanda ya gaji sarautar zirin, da gatari aka turo shi daga Atina ya karɓi ragama, sai ya shige gida ya zauna kamar mai zaman makoki, manyan garuruwan zirin suka taru suka zo ta'aziyya, ya sa aka kame su gaba ɗaya aka ɗaure. Ya ɗauki sojan haya 500, ya auri 'yar wani sarkin Tirakiya mai suna Oloros. Wannan mutumin ne da Farisawa suka matso a 493 ya gudo Atina da jirage biyar, aka kama ɗaya a hanya da ɗansa a ciki, kuma shi ne bayan shekara uku ya jagoranci nasarar da aka yi a kan Farisa a Maraton. Sanin da ya yi wa sojan Farisa a zirin nan ya samo shi, don ya ma taɓa bin Sarki Dariyus na Farisa yaƙi.

A 480 Sarki Zaksis na Farisa ya zo da rundunarsa don mamaye Girka, kuma nan dai ya zaɓa ya tsallaka, daga Abidos zuwa kusa da Sestos. Gadar farko guguwa ta watsa ta, ya sa aka yi wa ruwan bulala 300 aka fille kan injiniyoyin, aka sake jera jirage 360 a layi ɗaya 314 a ɗayan aka ɗaure da manyan igiyoyi aka shimfiɗa katako da ƙasa. Akwai wani ɗan labari a nan da nake ganin ya fi na bulalar muhimmanci. Yana Abidos ya hango jiragen hatsi suna gangarowa daga Bahar Aswad, fadawansa suna jira ya ce a kama, ya tambaya ina za su, aka ce wajen abokan gabarka, sai ya ce a bar su ai mu ma can za mu, hatsinmu suke kai mana. Da ya tare su a lokacin, Allah kaɗai ya san yadda labarin zai kasance.

Bayan an kori Farisa a 479 ne zirin ya fara raba kan Girkawa su kansu. Jiragen haɗin gwiwa suka zo Helesfon don su karya gadar, suka tarar ruwa ya riga ya yi musu aikin. Sarkin Sparta ya ce to aiki ya ƙare, ya juya gida da mutanensa. Mutanen Atina ƙarƙashin Zantifos, mahaifin Ferikilis wanda daga baya ya zama jagoran Atina, suka ce ina, ba inda za su sai sun karɓe Sestos, suka yi wa garin ƙawanya har sanyi ya shigo, na ciki yunwa ta kai su ga dafa igiyoyin fata na gadajensu suna ci. Da garin ya faɗi aka kama gwamnan Farisa Artaiktis aka kafe shi a jikin katako da ƙusa, aka jefe ɗansa a gaban idonsa. A nan za ka ga bambancin biranen biyu ƙarara. Sparta tana da bayin gona da ke noma mata a gida, ita Helesfon wani waje ne can mai nisa. Atina kuwa ta san me ke wucewa ta wajen. Daga wannan rabuwar ce ƙawancen da Atina ke jagoranta ya taso, wanda a hankali ya rikiɗe ya zama daula tana karɓar haraji daga 'yan'uwanta Girkawa. Wajajen 447 Ferikilis da kansa ya kai mutum 1,000 ya zaunar a zirin, ya sake gyara katangar wuyan.

Yanzu ga inda maganar take. Da yaƙi ya ɓarke a 431, dabarar Ferikilis ita ce kada a kuskura a tari Sparta a fili, don a ƙasa ba mai ja da su. A kwashe manoma a shigo da su birni, a bar Sparta ta ƙone gonakin in ta ga dama, tunda akwai dogayen ganuwa biyu da suka haɗe birnin da tashar Firayos, tafiyar kamar kilomita 6, abinci zai riƙa shigowa ta ruwa. Dabarar ta yi aiki kuwa, duk da annobar da cunkoson ya jawo wadda ta ci shi kansa Ferikilis ɗin. Sai dai abin da ta haifar shi ne Atina ta zama kamar magidancin da ya zagaye gidansa da doguwar katanga ya sa ƙyauren ƙarfe, alhali rumbunsa yana wani ƙauye kuma hanya ɗaya ce tak ke zuwa can. Ba sai ka fasa gidan ba. Abin mamakin shi ne Sparta ta ɗauki kusan shekara 20 kafin ta yi aiki da wannan, kuma dalili a fili yake, ba ta da isassun jirage ba ta da kuɗin biyan matuƙa.

Abubuwa biyu suka canza lissafin. Na farko asarar da Atina ta tafka a Sisili a 413, inda rundunarta da jiragenta suka salwanta. Na biyu kuɗin Farisa, wadda ta ga dama ta samu ta rama. A 413 ɗin ne Sarki Agis na Sparta ya kafa sansani na dindindin a Dekeliya cikin ƙasar Atika, kuma marubucin tarihi Zenofon ya ruwaito cewa daga nan yana hango jiragen hatsi suna ta kwarara cikin Firayos, har ya ce zaman banza muke yi muna tare ƙasa muddin ba a toshe inda hatsin ke fitowa ta ruwa ba. Daga nan yaƙin ya tattara ya koma Helesfon. Abidos ta balle ta koma bayan Sparta a 411, Sestos ta zauna a hannun Atina, garuruwa biyu suna kallon juna ruwa a tsakani. A shekarar aka gwabza a Kinosema a jikin zirin, jiragen Atina 76 da na Sparta 86, Atina ta yi nasara da ƙyar. A 410 a Kizikos ta murƙushe su gaba ɗaya har kwamandansu Mindaros ya mutu, aka kama wasiƙar da ragowar suka aika gida tana cewa jirage sun tafi, Mindaros ya mutu, mutane na jin yunwa, ba mu san abin yi ba. Atina ta kafa shingen kwastam a mashigin Bosforos, wanda ya ratsa Istanbul ta yau, tana karɓar kashi 10 cikin 100 na duk kayan da ya wuce.

To amma ku lura da rashin daidaiton da ke cikin wasan. Sparta in ta sha kashi a ruwa, Farisa za ta sake zuba kuɗi a sassaƙa wasu jiragen. Atina kuwa sau ɗaya tak take da damar faɗuwa. Ga shi kuma ta riƙa cin kanta da kanta, don a 406 bayan ta ci yaƙin Arginuse majalisa ta yanke wa kwamandojin da suka ci nasarar hukuncin kisa saboda ba su ceto waɗanda ruwa ya ci ba, aka kashe shida, har da ɗan Ferikilis na cikinsa.

A 405 Laisanda, kwamandan jiragen Sparta wanda Yarima Sairus na Farisa ya sakar wa bakin aljihu, ya shigo Helesfon daidai lokacin da jiragen hatsi ke gangarowa, ya kama Lamsakos a gaɓar Asiya, gari mai wadata cike da abinci. Atina ta biyo shi da jirage 180, kusan duk abin da ta mallaka, suka sauka a Egosfotami a jikin zirin, daura da shi. A nan sai an san yadda jirgin yaƙin zamanin yake kafin a gane kuskuren. Jirgi ɗaya yana ɗaukar mutum kusan 200, 170 daga ciki masu tuƙi da filafili ne, siriri ne mara nauyi, babu wajen kwana babu wajen ajiye abinci ko ruwa mai yawa. Dole kullum a jawo shi gaɓa, mutane su sauka su nemi abin da za su ci. Ku lissafa, jirage 180 mutum wajen 36,000 kenan, a bakin yashin da ba kasuwa ba tasha, abinci sai an taka zuwa Sestos ko a bazu cikin ƙauyuka. Shi kuwa Laisanda mutanensa na cikin gari, tuwonsu a gabansu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kullum da safe jiragen Atina su fito su jeru suna neman faɗa, Laisanda ya shirya nasa tsaf amma ya ƙi fitowa, in suka gaji suka koma sai ya tura ƙananan jirage masu sauri su bi bayansu su ga me suke yi in sun sauka. Kwana huɗu ana haka. Alkibiyadis, tsohon kwamandansu da suka kora wanda yake zaune a wata ganuwarsa a nan zirin, yana hango komai daga inda yake, ya hau doki ya zo ya ce musu wajen nan bai yi ba, ku koma Sestos inda akwai tasha da gari. Kwamandojin, musamman Tidiyos da Menandaros, suka ce ya tafi ya ba su wuri, yanzu su ne kwamandoji ba shi ba. Na san mutumin yana da tarihin cin amana, ya taɓa komawa wajen Sparta ya taɓa komawa wajen Farisa, don haka ƙin yarda da shi ba hauka ba ne. Amma shawarar komawa Sestos ba ta buƙatar ka yarda da kowa, ido kawai take buƙata. A rana ta biyar da mutanen Atina suka koma suka watse neman abinci, sun riga sun raina abokin gaba suna ganin tsoro ke hana shi fitowa, 'yan leƙen asirin Laisanda suka ɗaga garkuwa daga tsakiyar ruwa, shi kuma ya taso da duk jiragensa a guje. Wasu jiragen Atina an same su da rabin matuƙa, wasu ba kowa a ciki. Tara kaɗai suka tsira tare da wani kwamanda mai suna Konon. Fursunonin da 'yan asalin Atina ne, kusan 3,000, aka yanka su a Lamsakos, aka fara da kwamanda Filokilis wanda aka tuhuma da jefa matuƙan wasu jirage biyu cikin teku da kuma shawarar a riƙa sare hannun duk wanda aka kama.

Da dare jirgin da ya kawo labarin ya iso Firayos, kuka ya tashi daga tashar ya bi ta tsakanin dogayen ganuwar nan har cikin birni, kowa na faɗa wa na gaba, daren nan ba wanda ya runtsa. Ba mamatan kawai suke yi wa kuka ba, suna tuna abin da su ma suka yi wa mutanen Melos da wasu garuruwan da suka kashe mazansu suka sayar da matansu. Laisanda bai yi gaggawa ba. Ya karɓe Bizantiyom da Kalkedon da ke bakin mashigin Bosforos ya rufe hanyar, sannan duk ɗan Atina da ya samu a ko'ina sai ya ba shi izinin tafiya gida lafiya, gida kawai ba wani waje ba, don bakunan ci su ƙaru hatsin da ya rage ya ƙare da wuri. Watanni aka yi mutane na mutuwa da yunwa kafin su miƙa wuya a 404. Korinti da Tibis, ƙawayen Sparta, suka ce a shafe birnin daga doron ƙasa, Sparta ta ƙi, aka bar musu jirage 12 kacal, aka rushe dogayen ganuwar ana busa sarewa.

Wani zai ce daga nan kowa ya ɗauki darasi, kuma an ɗauka, sai dai darasin da aka ɗauka shi ne yadda ake shaƙe Atina. A 398 wani kwamandan Sparta mai suna Derkilidas ya sake gina katangar wuyan zirin. Atina ta farfaɗo ta sake gina ganuwarta da jiragenta, amma a 387 Antalkidas na Sparta ya tara jirage sama da 80 a Helesfon ya tare jiragen hatsi, ko babban yaƙi ba a yi ba Atina ta sa hannu a sulhun da Sarkin Farisa ya tsara. Shi ya sa ta dage sai ta dawo da zirin hannunta ko ta halin ƙaƙa, ta yi shekaru tana ja-in-ja da sarakunan Tirakiya, har a 353 kwamandanta Karis ya kama Sestos ya kashe mazan garin ya sayar da sauran bayi, aka kawo 'yan Atina aka zaunar. Wannan ta'asa ce, kuma birnin da ke alfahari da majalisa da 'yancin magana ne ya aikata ta. Tsoron yunwa ya bayyana dalilin, amma bai wanke su ba.

Na ƙarshe da ya karanci wannan taswirar da kyau shi ne Sarki Filif na Masidoniya. Garin Kardiya da ke daidai wuyan zirin ya ƙi bin Atina ya ƙulla ƙawance da shi, rigima ta tashi tsakanin Kardiya da baƙin da Atina ta zaunar ƙarƙashin wani kwamanda Diyofitis, kuma a kan wannan ne Dimostinis ya tashi a majalisa a 341 yana roƙon kada a janye sojan da ke can, don in aka janye Filif zai iso mashigin kafin iskar bazara ta bar jiragen Atina su haura. A 340 Filif ya kama ayarin jiragen kasuwa kusan 230 da suka taru a bakin Bosforos suna jiran rakiya, Atina ta shelanta yaƙi, a 338 ya doke ta ita da Tibis a Keroniya, zirin ya fita daga hannunta. Ɗansa Iskandar daga Sestos ya tsallakar da rundunarsa zuwa Asiya a 334. Da ya mutu Atina ta sake yunƙurawa, amma a 322 jiragen Masidoniya suka karya nata a kusa da Abidos sannan a Amorgos, kuma a shekarar aka girke sojan Masidoniya a tashar Firayos.